Kunnen Giwa da Tsumman Inna

Injiniya bai taɓa zama ajin injiniyoyi ba, ko ta taga bai leƙa ba. Sunan ya same shi ne saboda wayoyin ɗakinsa, don duk wanda ya leƙa ya ga yadda suka nannaɗe juna a ƙasa kamar taron macizai, sai ya ce ai wannan sai injiniya. Shi kuwa ya karɓi suna hannu bibbiyu, tunda ba haraji ake biya a kansa ba.

Ɗakin nan shi ne situdiyonsa, a gaban gida, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. An manne bango da kwalin ƙwai don kada ƙarar babura ta shiga waƙar mutane. A lungu akwai wani ɗan keji na katako da tsohuwar katifa, inda mawaƙi ke tsayawa gaban makirfo yana zufa. Ga mikisa, na'urar haɗa sauti, mai layi-layi, wasu layukan sun mutu tuntuni amma ba a yi musu jana'iza ba. Ga lasifika, ga ƙaramin fiyano na zamani. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Mai ɗakin ita ce Giwa.

Giwa tsohuwar sintasaiza ce, irin ta da, mai gefen katako, wadda sai ƙarti sun yi nishi kafin su ɗaga ta. Tana da haƙora farare da baƙaƙe kamar kowane fiyano, amma a samansu akwai allo cike da abubuwan murɗawa, manya da ƙanana, waɗanda Injiniya ke kira kunnuwa, da ramukan da ake soka gajerun wayoyi daga wannan zuwa wancan. Yadda ka murɗa kunnuwan, yadda ka soka wayoyin, haka za ta yi maka kuka. Abu ɗaya ne ba ta da shi, ƙwaƙwalwa. Na'urorin yanzu sai ka danna lamba su dawo maka da sautin jiya. Giwa ba ta san jiya ba. Ka taɓa kunne ɗaya, sauti ya tafi, sai dai ka bi shi da addu'a.

To, wata rana da daɗewa, Injiniya yana zaune yana murɗe-murɗe irin na wanda aiki ya ƙi zuwa, sai Giwa ta yi wani kuka. Sauti ne mai kauri da ɗumi, da 'yar dusashewa a ƙarshensa, kamar dattijo yana rera waƙa ta hanci bayan ya ƙoshi. Injiniya ya janye hannunsa a hankali kamar wanda ya ga kunama. Daga ranar bai sake taɓa ko kunne ɗaya ba. Ya yanka salatif ya manna a gefen kowanne don shaida, ya sa wa sautin suna Gurnani, ya shiga faɗa wa duniya cewa sirri ne da ya sha wuya kafin ya gano. Gaskiyar magana kuwa, shi kansa bai san yadda aka yi aka haihu a ragaya ba.

Gurnani shi ya riƙe gidan. Saboda shi Zabiya, wadda muryarta ke cika gari, take tsallake manyan situdiyo masu iyakwandishan ta zo ta shiga kejin katifa. Kuma inda Zabiya ta sa ƙafa, nan ƙananan mawaƙa ke bi. A tsallaken titi akwai Mai Kwamfuta, saurayi mai fara'a da gilashi, wanda ke da sauti dubu a cikin akwati ɗaya, amma ba shi da wannan. Yakan shigo gaisuwa da wayarsa a hannu, ido yana yawo. Da Injiniya ya hango shi, sai ya yafa wa Giwa tawul, ya ce sanyi take ji. Don tsoron kada hoto ya fita, shi ma bai taɓa ɗaukar hoton allon ba. Wayon da ya yi yawa ke nan, mai shi yake fara ci.

Ana nan sai Inna, surukarsa, ta zo jinyar gwiwa. Gwiwa ta warke, Inna ba ta tafi ba. Mace ce wadda ba ta iya ganin ƙura ta wuce. Kullum da tsumma a soke a ƙugunta, kamar soja da bindiga. Ta wanke abin da ke da datti, ta wanke wanda ba shi da shi don kada ya yi. Har takalmin Injiniya sai ya neme shi da safe, ya tarar an wanke an kife a kan katanga. Ba ya iya cewa komai. Suruka ce, gaisuwa ma sai ya durƙusa daga nesa, ido a ƙasa. Abin da ya iya yi kawai shi ne kulle ƙofar situdiyo ta cikin gida, ya rataya makulli a wuya.

Ran nan da safe, matarsa ta kawo masa shayi ta ce masa Inna ta ce za ta koma gida ƙarshen mako, babban ɗanta zai zo ɗaukarta. Injiniya ya yi fuskar jimami, ya ce haba, tun yanzu? Matar ta dube shi ta ce ya rage murmushin, haƙoransa na baya sun fito. Ya fita kasuwa sayen fiyus yana fito da baki don murna, yana gaida wanda ya sani da wanda bai sani ba. Makulli kuwa ya manta da shi a jikin ƙofa, yana lilo.

Da ya dawo, ƙamshin sabulu ne ya fara tarbarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙasa fes, har ya ga ashe simintin ɗakin ja ne. Macizan nan duk an warware su, an naɗe an rataye a ƙusa. Sai idonsa ya kai kan Giwa.

Tana sheƙi kamar amarya. An zare gajerun wayoyin nan kaf, an jera su a kan tebur, ja da ja, baƙi da baƙi. An ɓamɓare salatif, an goge har gurbinsa. Kunnuwa kuwa, da Inna ta ga kowanne ya kalli inda ya ga dama kamar yaran da ba su da mafaɗi, sai ta daidaita su duka, kowanne ya kalli sama.

Ya kunna, ya jira ta yi ɗumi, ya danna haƙori ɗaya. Giwa ta yi wata siririyar tsuwwa kamar sauro a kunne.

Ya zauna a ƙasa, tunda yanzu ƙasar ta zaunu.

Babbar matsalar ita ce, da la'asar Zabiya za ta zo ƙarasa wata waƙa da suka ɗauki rabinta, kuma rabin nan Gurnani ne ƙashin bayansa. Zabiya ba ta da wasa a kan aiki. Ta sha gaya masa cikin raha, wadda ba raha ba ce, cewa ranar da Giwa ta daina wannan kukan, titi kawai za ta tsallaka.

Ya kira matarsa, ya nuna mata da hannu. Ta duba ta ce kai, ɗaki ya yi kyau. Ya yi mata bayani da muryar raɗa, yana haɗa gumi. Ta ce to ya mayar da su yadda suke mana, ba shi ne Injiniya ba, ba shi ya ce sirrin yana kansa ba? Ya ce yana kansa, amma kai ai faɗi gare shi. Ya roƙe ta ta tambayi Inna ko ta tuna inda ko da waya ɗaya take. Ta ce uwarta ce, amma surukarsa ce, shi ya je ya tambaya. Ta ƙara da cewa Inna tana can zaune a tabarma tana jiran godiya, don tsarabar bankwana ce ta yi masa, gwiwarta har ta ɗan motsa saboda durƙuso.

Haka Injiniya ya je ya tsuguna daga nesa, ya ce, "Inna, an gode. Allah ya saka da alheri. Ɗaki ya yi haske."

Ta ce ba komai, ai ɗa na kowa ne. Ta ce wannan akwatin mai haƙora ne ya fi ba ta wuya, dattin da ke jikinsa ya isa a shuka gyaɗa. Ta tambaye shi ko ya ga yadda ta gyara masa 'yan murfunan nan da suka karkace. Ya ce ya gani, Inna, ya gani sosai.

Ya koma ya rufe ƙofa, ya sa rabin waƙar da suka ɗauka a lasifika, ya shiga farauta. Ya soka waya nan, Giwa ta yi kukan akuya. Ya mayar can, ta yi kamar jirgin sama zai tashi. Ya murɗa wannan, ta yi tusa mai tsawo, har wani mai wucewa a titi ya ce a sha magani. Ya ci abinci a tsaye, hannu ɗaya a kwano, ɗaya a kan babban kunnen tsakiya, wanda ke buɗe sauti ya rufe shi. Zuwa can ya samo wani abu mai kama da Gurnani, irin kamar da ɗan riƙo ke yi da mai gida. Mai kauri ne, amma ba ɗumi. Ya ce wa kansa wataƙila ba za ta gane ba. Ya san ƙarya yake.

Zabiya ta iso da jakarta da ƙamshinta, ta tsaya ta dubi ɗakin ta ce ko dai Injiniya ya yi sabon aure ne ba a gaya mata ba. Ya yi dariyar yaƙe. Ta shiga keji, ta sa hedifon, ya fara kiɗa, hannun hagu a ƙaramin fiyano, na dama a kan Giwa. Ko baiti ɗaya ba ta kai ba ta zare hedifon ta leƙo.

"Injiniya, wane ne wannan?"

Ya ce Gurnani ne, mura ce ta ɗan kama shi, canjin yanayi.

"Wannan ba mura ba ce. Wannan ƙaninsa ne, kuma ba uwa ɗaya ba."

Ya gwada wani, ta girgiza kai. Ya sake wani, ta ce wannan ya yi kama da firij ɗinta. Ta fito ta zauna a benci, ta ɗora jaka a cinya, idonta yana kallon ƙofar titi. Ta wannan ƙofar kuwa ana hango Mai Kwamfuta a bakin shagonsa, yana goge gilashi, yana murmushin da ba a san dalilinsa ba. Ta ce ita ba ta son cin fuskar tsohon abokin aiki, amma waƙa ba ta san sabo ba. Ya roƙe ta ta shiga sau ɗaya tak, daga farko, in bai yi ba shi da kansa zai riƙe mata jaka su tsallaka. Ta ja numfashi ta koma keji, ta lumshe ido kamar yadda ta saba, ya danna ɗauka.

Suna cikin baitin farko sai ƙofar cikin gida ta buɗe. Inna ce, da kofin ruwa, ta ji an yi baƙuwa. Ta ajiye kofin, za ta juya, sai idonta ya faɗa kan Giwa. Babban kunnen nan da ta bari yana walƙiya da safe, ga shi yanzu ya sha maiƙon miya da zufa, shatin yatsu ko'ina. Ta yi tsaki. Ta zaro tsumma daga ƙugu.

Injiniya ya gan ta tana tahowa. Hannayensa biyu suna kan aiki, ana ɗauka, kuma ko ba a ɗauka, da wane bakin zai ce wa suruka kada ta taɓa? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da dannawa, ya sallama wa Allah.

Inna ta naɗa tsumma a yatsu, ta kama kunnen, ta shiga gogewa. Ta murɗa shi dama a hankali, ta dawo da shi hagu, ta tsaya ta kankare wani wuri da farce, ta sake komawa. Sai sautin ya buɗe baki. Ya taso daga can ƙasa kamar mai tashi daga barci, ya yi haske, ya koma ya lafa, ya sake tasowa. Yana numfashi. Inda Zabiya ta ja murya sama, tsumma ya bi ta, inda ta sauke, tsumma ya dawo. A cikin keji Zabiya ba ta buɗe ido ba, sai ma ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta saki murya irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ta wuce inda suka tsaya a da, ta kai waƙa kusan ƙarshe.

Sai Inna ta duba kunnen ta ga ya fita, ta busa shi, ta soke tsummanta ta fice. Sauti ya tsaya cak kamar an ɗaure shi a turke.

Zabiya ta fito tana fifita da gyale, ta ce ashe wulaƙanci ya shirya mata, yana da wannan a ɓoye ya bar ta tana sauraron firij. Ta ce a manta da Gurnani, Allah ya ji ƙansa, wannan take so, a waƙar nan da duk waɗanda ke tafe. A sake daga farko, don ƙarshen ya mutu.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Injiniya ya gyara zama ya ce dama gwada kunnenta yake yi. Akwai wani ƙaramin kunne a jikin Giwa da ke sa sauti ya yi ta lilo da kansa, ya kunna shi. Zabiya ta ce wannan abin goge gilashin mota ne, ba ruwansa da abin da take faɗa. Ya ce to ta rera, daga baya shi zai bi ya murɗa da hannu. Ta ce ya san ba ta waƙar faci, tare ake yi ko a bari. Ya kira matarsa ya ba ta kunnen, ta murza shi kamar tana niƙa barkono, Giwa ta yi ta ihu. Nan dai asiri ya tonu. Zabiya ta tambayi wanda ya yi na farkon, matar ta faɗa mata, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta ɗauki jaka ta ce gobe za ta dawo, ko dai ta tarar da tsohuwa a kan kujera, ko a same ta a tsallake.

Da magariba ta wuce, mutumin da ya fita da safe yana fito don suruka za ta tafi, shi ne tsugune a ƙofar ɗakinta. Akwatinta a buɗe, tana ninke zannuwa. Ya fara da gwiwa, ya ce jinya ba a yi mata gaggawa. Ta ce gwiwa lafiya lau. Ya ce hanya ba kyau. Ta ce ita ta biyo. Ya ce yara za su yi kewa. Ta ce yaran da ke gudu in sun gan ta da soso? Matarsa tana gefe tana tsince shinkafa, kafaɗunta suna rawa.

Da ya ga kewaye-kewaye ba zai kai shi gari ba, sai ya faɗi gaskiya, ido a ƙasa, cewa hannunta ake so a kan akwatin nan, in ba haka ba aiki zai tsallaka titi.

Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta ce ita, da furfurarta, da jikokinta, a ce an gan ta tana kiɗa? Marigayi mijinta ko tafi bai taɓa jin ta yi ba a gaban mutane. Ta ce kada ya sake ya haɗa ta da wannan magana. Ta ɗauki wani zanen, ta ninka, ta warware. Sannan ta ce, kamar da bango take magana, yarinyar nan dai tana da murya, sai dai tana saurin sauka a baiti na uku.

Injiniya ya ɗago kai kaɗan, ya mayar.

"Ni goge-goge na sani," in ji Inna. "In na ga datti, ba na iya wucewa. In babu datti kuwa, me zai kai ni ɗakin maza?"

Ya ce haka ne, Inna. Allah ya ƙara girma. Ya tashi da baya-baya.

Washegari da hantsi, kafin Zabiya ta iso, Injiniya ya shiga kicin ya lakato man gyaɗa a yatsa, ya bi ta bayan ƙofa ya dangwalo ƙura, ya je ya shafa wa babban kunnen Giwa, gaba da baya, har da ƙasan inda tsumma ke wuyar kaiwa, yadda zai isa waƙa guda har da maimaici. Ya jawo kujera mai taushi ya ajiye kusa, kamar an manta da ita ne a wurin. Ya bar ƙofar cikin gida a buɗe.

Zabiya ta shiga keji, ya danna ɗauka. Ba a jima ba sai ga takun silifa. Inna ta tsaya a kan Giwa ta yi tsaki mai tsawo, ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗakin da ke haifar datti cikin dare irin wannan ba, da alama tafiyar nan sai an ɗaga, don ba za ta bar 'yarta cikin ƙazanta ba. Ta zauna a kujera, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta naɗa tsumma a yatsu. Sai ta dubi hedifon ɗin da ke rataye a ƙusa, ta ce a miƙo mata wannan abin, ƙarar babura tana hana ta ganin datti sosai.